Ido Da Sauƙi

Birnin Gwari,
3 ga Oktoba.

Zuwa ga Yaya Rachel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da aikin asibiti da sanyin Jos. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Matata Bushira tana gaishe ki. Baba Obed yana nan yana cin tuwonsa, ido kuma da sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna. Tun da aka datse mana layin waya duk garin nan muka koma 'yan makaranta, kowa na neman biro. Zan ba direban da ke bin ayarin sojoji zuwa Kaduna, shi kuma ya miƙa wa 'yan tashar Jos. In kin ga tabon baƙin mai a jikin takardar ki yi haƙuri, hannun bakanike ne.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, mahaifinki ya tayar da rigima. Kin san shekara biyu ke nan da ya baro Tungar Doka ya dawo gidana, bai taɓa roƙona komai ba, ko ruwan sha sai an yi masa tayi. To shekaranjiya ya kira ni ya ce in duba masa lafiyar Gwaggo, wato tsohon babur ɗin nan nasa da ya kusa zama sa'arki. Wai kaka ta ƙarato, yana so ƙarshen watan nan in dawa ta yi ja in goya shi mu bi hanyar tsakuwa ta bayan Randagi, mu je har tudun da ke saman gonarsa mu dawo. Ba girbi zai yi ba, ba kaya zai ɗauko ba. Kallo kawai.

Na ce, "Baba, mutane na gudowa daga dajin nan saboda 'yan bindiga, kai kuma za ka shiga yawon buɗe ido?"

Ya ce shekara talatin ya yi yana malamin gona, babu kakar da bai yi wannan zagaye ba, kuma ke ce mai zama masa a kan tanki. Daga nan ya ce, "Ina so in gani tun ina gani."

Gaskiya wata biyu ke nan ba a ji wani abu ba ta wannan ɓangaren, kuma masu zuwa Randagi sukan haɗu su tafi tare. Amma ban amsa masa ba. Kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, masallaci da coci ba su taɓa raba mu ba, don haka Baba ubana ne. Sai dai ke kika fi ni iko da shi. Abin da kika ce shi za a yi.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Naziru.


Jos,
11 ga Oktoba.

Naziru,

Na gode Allah da na ji kuna lafiya. Ni ma lafiya, sai gajiyar aiki. Ka gaishe mini da Bushira, Allah ya saka mata da ɗawainiyar Baba. Rubutunka kuwa har yanzu kamar tafiyar kaza, sai da na karanta sau biyu.

Amsata ita ce a'a. Kai ma ka san amsar tun kafin ka ɗauki biro. Wannan hanyar ce ta ci Japheth. Ƙanena ɗaya tilo ya fita kai taki, aka dawo mana da takalmansa da gawarsa a kan amalanke. Shekara uku ke nan, ni ko sunan Randagi na ji a rediyo sai in kashe. Yanzu kuma in ce ka ɗauki tsohon da ya rage mini ka shiga da shi, don ya kalli ganye?

Kada ka ɗauka na manta. Ina iya rufe ido yanzu in ga komai daga kan tankin nan: jar dawa ta sunkuyar da kai tun daga ƙasan tudu har bakin rafi, kaura rawaya a gefenta, barkono shanye a kan fa ja wur kamar an shimfiɗa zane, gamba ta zama ruwan zuma, ga sabon ganyen doka ja-ja a bayan gari, ga mata da farar ƙwarya a ka suna ratsawa. Baba yakan kashe babur ya ce, "Rachel, ƙirga mini, launi nawa Allah ya yi amfani da su bana?" Ban taɓa ƙirgawa daidai ba, kullum sai ya nuna mini wanda na tsallake.

Amma tunda ka ce ido da sauƙi, gaggawar me ake yi? Dawa ba ta ƙarewa, baɗi ma za ta yi ja. Zancen "tun ina gani" kuwa, tun ina firamare Baba yake cewa ya kusa tafiya. Zan sami hutu da Kirsimeti, zan zo in taho da shi Jos ya ga likitan ido. Ga kwalba biyu na maganin ɗigawa nan na haɗo, safe da yamma, kada a yi fashi. Hawan jinin ido ba ya son wasa.

Na san halinsa. In ka hana shi, zai iya tashin Gwaggo ya tafi shi kaɗai. Ka cire mata fulogi ka ɓoye. In ya yi fushi ka ce ni ce.

Yayarka,
Rachel.


Birnin Gwari,
27 ga Oktoba.

Yaya Rachel,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Takardarki da maganin sun kwana goma sha uku a hanya, sai ranar Lahadi suka iso. Wancan maganin na da ya riga ya ƙare tun farkon wata, amma yanzu an ci gaba da ɗigawa. Ido da sauƙi, in ji shi.

Na bi umarni. Fulogi yana cikin gwangwanin kusoshi a shagona. Na karanta masa wasiƙarki, sai dai na tsallake wajen Japheth. Da na zo inda kika lissafa launuka ya ce in sake, na sake. Da na zo wajen a'a sai ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari ya fito ya zauna kusa da Gwaggo da tsumma. Ko dubawa bai yi ba, hannu kawai ya zura ƙarƙashin tanki ya laluba, ya ce, "Wa ya cire wa Gwaggo haƙori?" Na ce umarni ne daga Jos. Ya ce, "To. Babba ya zama yaro." Tun daga ranar kullum da safe sai ya goge ta tas, har wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya. Babur ɗin da ba ya zuwa ko'ina ya fi duk na garin nan ƙyalli.

Bari in ba ki dariya. Jiya Bushira ta shanya zaninta mai ruwan ɗorawa a igiya, Baba ya fito ya tsaya yana gaishe shi, har da tambayar ya kwanan yara. Bushira na daga madafa tana amsawa don kada ya ji kunya. Shekaranjiya kuma da rana tsaka ya ce a kwashe shanya, hadari ya haɗu, alhali ruwa ya ɗauke tun mako biyu. Na ce masa tsufa ya fara yi masa wasan jika. Ya yi dariya shi ma.

Masu zuwa daga ƙauye sun ce dawa ta fara ja. Ban gaya masa ba, amma yana zama a ƙofar gida yana tare duk wanda ya wuce da tambaya. Ni dai, Yaya, ba na jin daɗin wucewa ta gabansa. Amma kin fi ni sani.

Naki,
Naziru.


Jos,
6 ga Nuwamba.

Naziru,

Ina fatan kuna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Ka ce za ka ba ni dariya. Ban yi dariya ba, a bayan ɗakin magani na tsaya na yi kuka. Mutum ya gaida zani, ya ga duhu da rana tsaka, ya gane babu fulogi da yatsa ba da ido ba, sannan ka rubuta mini da sauƙi?

Amma me ya sa nake yi maka faɗa? Shekara goma sha shida ina aikin jinya. Kullum sai na tambayi mara lafiya ya jiki, ya ce da sauƙi, wani ma kafin in gama zagaye an ja masa mayafi. Na san mu ba ma cewa babu sauƙi, rashin godiya ne, kuma ba a aika wa na nesa da tashin hankali. Duk na san wannan. Amma da na ga kalmar a takardarka ta farko sai na karanta ta kamar baƙuwar da ba ta san garin ba, don abin da nake so in ji ke nan. Shi kuwa ya faɗa mana ƙarara, tun ina gani. Na mayar da maganarsa zancen tsofaffi.

Wannan ciwon ba ya dawo da abin da ya ci. Yana cin gani daga gefe, yana tsukewa, har ya zama kamar mai leƙe ta kafar kara, rana ɗaya kuma kafar ta toshe. Ganin nasa ba zai kai Kirsimeti ba, balle baɗi.

Ka mayar da fulogin. Ranar da takardar nan ta same ka, washegari ka kai shi. Ku bi jama'a, ku fita da wuri, ku dawo kafin la'asar. Ina tsoro, Allah ya sani ina tsoro, zan yi ta addu'a har in ji kun dawo. Amma ka kai shi. Ka ce masa Rachel ta ce ya ƙirga mata launukan bana.

Rachel.


Birnin Gwari,
21 ga Nuwamba.

Yaya Rachel,

Gaisuwa da ban girma. Muna lafiya, Baba ma da sauƙi.

Kwana ashirin da biyar ke nan da na aika miki takarda, shiru. An ce an rufe hanyar Kaduna na wasu kwanaki, amma an buɗe, ga shi har yau ban ga komai ba. Na san hali, in kin yi fushi shiru kike yi. Wataƙila maganar da na yi ce, cewa ba na jin daɗin wucewa ta gabansa, kika ɗauka ina ƙorafin umarninki. To ga abin fushi na gaske ya zo, gara ki ji daga bakina.

Na saɓa miki. Ranar Laraba na mayar da fulogi na kai Baba Tungar Doka. Ya daina cin abinci sosai, ya daina goge Gwaggo, na kasa jurewa. Mun je lafiya mun dawo lafiya, ko ƙaya ba ta soke mu ba. Ya ga komai, ya ji daɗi ƙwarai.

Duk hukuncin da kika yanke na karɓa.

Naziru.


Jos,
30 ga Nuwamba.

Naziru,

Na gode wa Allah da ya dawo da ku. Ba fushi nake yi ba. Takardunmu ne suka yi saɓani, na aika maka tun shida ga wata cewa ka kai shi. Ina jin tana nan kwance a aljihun wani direba, ko ta iso yanzu. Abin da ka yi daidai ne, Allah ya yi maka albarka.

Amma Naziru, kai da ka cika shafi guda da labarin zani a igiya, tafiyar da Baba ya shekara biyu yana mafarki ka gama ta a layi biyu? "Ya ga komai." Baba ba ya ganin komai a dunƙule. Da ya gani, da ya aiko ka da lissafi, da ya ce a gaya mini wanda na tsallake.

Sau ɗaya a rayuwarka ka rubuto mini ba tare da ladabi ba. Kada ka tausaya mini. Me ya faru a tudun nan?

Rachel.


Birnin Gwari,
9 ga Disamba.

Yaya Rachel,

Ina gaishe ki. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Ta shida ga wata duk ta yi laushi, direban ya ce a ƙarƙashin kujera ya tsince ta. Kin ce ban da ladabi, to ga shi.

Mun fita da sassafe tare da babura biyar masu zuwa Randagi. Daga Randagi mu kaɗai muka miƙa. Baba yana bayana, hannuwansa a kafaɗata. Tayar Gwaggo na sauka kan tsakuwa na ji ya ce, "Yauwa." Daga nan shi ya karɓi tuƙi da baki. "Rage wuta, akwai kwari a gaba." Sai ga kwari. "Bi dama, saiwa ta ratsa hagu." Sai ga saiwa. Wallahi har na fara murna, na ce ashe idon da saura.

Can ya matse mini kafaɗa ya ce in tsaya. Wajen da aka sami Japheth ne, gindin maɗacin nan. Ya sauka ya tsaya, ya ce, "Naziru, juya ni wajen maɗacin." Yaya, itacen yana gabansa, taku uku, rana ta haske shi. A nan na gane. Duk hanyar da jikinsa yake karanta ta, ba da ido ba. Na kama hannunsa na ɗora a jikin itacen. Ya cire hula ya yi addu'arsa da Gwaranci, ni ma na yi tawa a gefe.

A bakin rafi na kashe babur. Ke ba ki san wannan ba, sabuwar al'ada ce. Yanzu duk wanda ya ji ƙarar babur a ƙauye daji yake nufa, ko da goyo, ko da tukunya a wuta. Don haka mai zuwa da alheri a rafi yake kashewa ya tura. Na tura, Baba ya riƙe ƙarfen baya yana biye. Ya ce, "Gwaggon da a da in an ji ta ake fitowa tarya, yau ita ke shiga garinsu kamar ɓarauniya." Ashe ma ba mu da wanda za mu tsorata. Babu kowa.

Muka hau tudun. Ya saki babur ya gyara tsayuwa, fuskarsa daidai saitin gonarsa, ko kuskure babu. Ya ce, "To, faɗa mini."

Ga abin da ke wurin. Babu dawa, ko kara ɗaya. Daga ƙasan tudu har rafi ciyawa ce ta fi tsayina, rabinta kuma wuta ta cinye, sai toka. Rumbuna sun zube. Itatuwan dokan bayan gari an sare na sarewa, sauran sun yi baƙi ƙirin. A kan fa inda ake shanya barkono ƙadangaru ne kawai. Dawar da masu zuwa suke cewa ta yi ja, ta kusa da Randagi ce, nan shekara biyu ba a sa fartanya ba.

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne wasiƙarki. Na karanta masa ita sau biyu a baya, ta zauna mini a ka. Na ce, "Baba, jar dawa ta sunkuyar da kai tun daga ƙasan tudu har bakin rafi. Ga kaura rawaya a gefenta. Ga barkono a kan fa kamar an shimfiɗa zane." Yana gyaɗa kai yana cewa, "Sai kuma me?" Na ba shi gamba ruwan zuma, na ba shi ganyen doka, har mata masu ƙwarya na ba shi. Ina faɗa ina kallon toka, hawaye na shiga mini baki. Da na gama ya ce, "Ka tsallake ɗaya." Ya ce in duba gefen kunyar gona ta farko, wajen dutse. Na duba. Zoɓo ne, ya fito da kansa ba wanda ya shuka shi, ja wur. Shi kaɗai ne gaskiya a duk lissafin. Na tsinko masa, ya murza ya sunsuna ya sa a aljihu.

Na ɗauka na tsira. Washegari na same shi yana goge Gwaggo. Bai ɗago ba ya ce, "Naziru, dawa in ta nuna tsuntsaye ba sa barinta, kuma in iska ta ratsa ta tana da nata kukan. Ni toka na sunsuna. Amma ka iya faɗi. A ina ka samo?"

Na ce, "A wasiƙar Yaya."

Ya ajiye tsumma. Sannan ya ce, "Ashe ta riƙe."

Na tambaye shi yaushe idon ya rufe gaba ɗaya. Ya ce farkon Nuwamba, kuma abu na ƙarshe da ya gani sosai shi ne zanin Bushira. Na san lissafin da za ki yi yanzu, ni ma na yi shi har na gaji: da mun tafi ƙarshen Oktoba yadda ya roƙa, da ya gani. Haka ne. Amma tokar zai gani, Yaya. Ni ban san wanne ya fi ba, kuma ban isa in ce miki kada ki yi kuka ba.

Ki zo da Kirsimeti. Yana ƙirga kwanaki da yatsa. Ga zoɓon nan a cikin takarda, ya bushe amma bai sake launi ba, shi ya ce a aiko miki, wai wanda kika tsallake ke nan.

Bai san na rubuta miki duk wannan ba. Da ya ji ina neman biro ya kira ni ya ce, "In Rachel ce, kada ka tayar mata da hankali, tana da aiki. Ka ce na je na gani. Ka ce mata ido da sauƙi."

To, na isar da saƙo.

Ƙanenki,
Naziru.